Kofi ɗaya na ganyen na'a-na'a, giram nawa ne?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman taimako. Na samu wani bayanin girki a intanet na ruwan sukari mai na'a-na'a, irin wanda ake dafawa a ajiye a firiji ana ɗiba ana zubawa a ruwan sanyi. An rubuta kofi ɗaya na ruwa, kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ganyen na'a-na'a, wai ya ishi mutum huɗu. Sau biyu ina gwadawa. Na farko na tsinke ganyen na zuba a kofi har ya cika, da na gama sai ya fito ruwan sukari zalla, ƙamshin sai an kai hanci kusa. Na biyu na yanka ganyen na cusa shi sosai, shi kuma ya fito da duhu ga ɗaci. Ranar Asabar mutum arba'in zan yi wa, ba na son in yi asarar kaya. Ina da sikelin kicin. Wanda ya sani ya faɗa mini, kofi ɗaya na ganyen nan giram nawa ne?

Amarya: Wa alaikumus salam Anti. Yanzu na duba a waya, an ce kofi ɗaya giram 240 ne. Ke nan na mutum arba'in kilo biyu da giram 400.

Mai Sikeli: A'a ƙanwata, kar ta soma. Wannan 240 ɗin na ruwa ne. Mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, shi ya sa kofi mai cin mililita 240 yake ɗaukar ruwa giram 240. Ganye kuwa ba ya kwanciya a kofi kamar ruwa. Kilo biyu da rabi na ganyen na'a-na'a zai cika babban baho.

Maman Biyu, ga abin da nake samu a kicin ɗina, kuma na auna ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ganyen da aka tsinke aka zuba sako-sako ba a danna ba, kofi ɗaya yana faɗawa tsakanin giram 15 zuwa 20. In aka danna shi da yatsu har ya daina komawa ƙasa, wajen giram 30 ne, wani lokaci ya ɗan haura. In kuma aka yanka shi ƙanana sannan aka cusa, yana kai giram 45 zuwa 50. Kin ga kofi ɗaya ne, ganye ɗaya ne, amma amsa uku.

Maman Biyu: Ikon Allah. To Yaya wanne zan ɗauka a cikin ukun?

Mai Sikeli: Koma ki karanta bayanin da kyau. Masu rubuta girki da yawa suna faɗa, ko dai a ce a danna, ko a ce sako-sako, ko a ce yankakke. Kuma ki lura da jerin kalmomin. In an ce "kofi ɗaya na ganye, a yanka", ana nufin ki auna shi da ɗanyen jikinsa sannan ki yanka. In an ce "kofi ɗaya na yankakken ganye", yankawa ce farko, awo daga baya. Tsakanin waɗannan biyun akwai ninki biyu ko fiye.

Maman Biyu: Na koma na duba. Akwai kalma ɗaya da na tsallake, ashe tana nufin a danna. Shafin na wata Ba'amurkiya ce.

Hajiya Babba: 'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Ni dai shekarata arba'in da wani abu ina girki, ban taɓa ɗora ganye a kan sikeli ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Damƙi ɗaya ka ɗiba, ka murza ganye ɗaya a yatsa ka sunsuna, in ƙamshin ya buge ka ka rage, in ya yi sanyi ka ƙara. Maman Biyu, abin da ya ɓata miki na biyun ba yawa ba ne kaɗai. Na tabbata kin bar shi ya yi ta tafasa. Na'a-na'a ba ta son wuta. Ki narkar da sukarin, ki sauke tukunya, sannan ki zuba ganyen ki rufe. Minti ashirin zuwa talatin ki tace.

Maman Biyu: Wallahi Hajiya kamar kina wurin. Na bar shi ya tafasa kusan minti goma sha biyar, ina ganin haka ƙamshin zai fi fita.

Hajiya Babba: Ya fita kam, ya bi tururi ya cika miki kicin, ya bar miki ɗacin a tukunya.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta yi gaskiya a kan wuta, kuma akwai dalili. Ƙamshin na'a-na'a wani mai ne da ke cikin wasu ƙananan ƙwayoyi a fatar ganyen, sun fi yawa a bayan ganye. Mai ne mai saurin tashi, zafi kaɗan ya bi iska. Shi ya sa rufe tukunya yake da muhimmanci. Duhun da kika gani kuma daga yankan ne: da zarar wuƙa ta fasa ganyen, iska ta shiga, sai ya fara baƙi, kamar yadda tuffa ke yi in an yanka an ajiye.

Amma bari in dawo kan tambayar awo, don akwai abin da nake so ku gani. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da rumbun bayanai na kayan abinci, wanda da yawa daga cikin shafukan da ke juya kofi zuwa giram daga nan suke kwasa. A ciki sun raba na'a-na'a gida biyu. Akwai wadda Turawa ke kira fefamint, mai sanyaya baki sosai, sun rubuta babban cokali biyu na ɗanyenta giram 3.2. Akwai kuma sifiyamint, wadda aka fi sawa a girki, sun rubuta babban cokali biyu giram 11.4. Kofin Amurka babban cokali 16 ne. In ka lissafa, ta farko kofi ɗaya zai zama giram 25.6, ta biyu kuma giram 91 da 'yan kai. Rumbu ɗaya, ganye 'yan uwan juna, tazara ta haura ninki uku. Ganyen biyu ba su bambanta da juna har haka ba. A ganina irin wannan tazara daga yanka da dannawa take fitowa, wato daidai abin da Mai Sikeli ta bayyana. Don haka in kun ga wani shafi ya ce 25, wani ya ce 90, babu wanda ya ƙirƙira, kowa layin da ya kwafa ne.

Amarya: Malam to me ya sa ganye yake haka amma sukari ba ya haka?

Malamin Kimiyya: Kofi wuri yake aunawa, sikeli kuma nauyi. Ƙwayoyin sukari ƙanana ne masu tauri, suna zama kusa da juna, ko wa ya ɗiba kofi ɗaya zai samu wajen giram 200. Ganye kuwa yana lanƙwashewa, yana tokare ɗan uwansa, yana barin rami. Kofin da ke cin ruwa giram 240, in ya ɗauki ganye giram 20, kusan kashi tara cikin goma na abin da ke ciki iska ce. To iskar nan ita kake ragewa in ka danna, kuma ƙarfin hannun kowa daban. Manyan ganye sun fi barin rami, ƙananan kan reshe sun fi cika kofi. Ganyen da ya kwana ya yi laushi ya fi kwanciya a kan wanda aka tsinko yanzu.

Hajiya Babba: Malam ai ka taimake ni da bakinka. In har su masu rumbun ba su daidaita ba, me zai sa in bar hannuna in bi su? Sannan ina da tambaya ga masu sikeli. In na wanke ganyen ban bari ya tsane ba, sikelin zai raba mini nauyin ruwa da na ganye? In ganyen ya kwana biyu ya yi yaushi, nauyinsa ya ragu, ƙamshin yana nan, sikeli zai ce in ƙara, alhali hancina ya ce ya isa. Wa zan bi?

Mai Sikeli: Hajiya tambayarki tana kan hanya, ba zan musa ba. Jiƙaƙƙen ganye yana ruɗin sikeli ƙwarai, don ganyen na'a-na'a yana da kurzunu-kurzunu, ruwa yana maƙalewa a jikinsa. Ni ko dai in auna kafin in wanke, ko in wanke in baza a tsumma mai tsabta ya tsane sarai sannan in auna. Amma Hajiya, da girmamawa, hannunki shekara arba'in ya yi yana koyo. Maman Biyu Asabar take da baƙi. Ba za ki iya turo mata hannunki ta waya ba, ni kuwa zan iya turo mata lamba. Kuma damƙinki da nawa ba ɗaya ba ne.

Hajiya Babba: Ni ma ai ba da shi aka haife ni ba 'yata. Ɓatawa na yi ta yi har na iya. Abin da nake tsoro shi ne yaran yanzu su dogara da lamba su daina ɗanɗanawa. Na ga wadda ta bi awo tiryan-tiryan ta kai wa mutane abin da ita kanta ba ta sa a baki ba.

Mai Girkin Taro: Ku ba ni dama in sa baki, tunda girkin mutane da yawa shi ne sana'ata. Hajiya, ni ma da ido na fara, kuma har gobe ba na sauke tukunya ban ɗanɗana ba. Amma ido yana aiki ne a girkin da ka saba da yawansa. Ranar da aka ce ka ninka goma, ido ya ɓace. Kofi goma na ganye, kowanne da irin dannawarsa, na farko kana da ƙarfi ka cusa, na takwas ka gaji ka zuba kawai. In kowane kofi ya kauce da giram goma, a ƙarshe ka kauce da ɗari. Na taɓa ba yarinyar da ke taya ni aiki ta auna kofi goma sha biyu, ni ma na auna nawa a gefe daga tuli ɗaya, da muka ɗora a sikeli nawa ya kusa ninka nata. Ba laifinta ba ne, ni ce ban faɗa mata irin dannawar da nake nufi ba. Tun ranar na koma rubuta komai da giram.

Maman Biyu ga lissafinki. Tunda an ce a danna, ɗauki giram 30 a kofi. Sau goma, giram 300 na tsantsar ganye. Ruwa kofi goma na Amurka, lita biyu da mililita 400. Sukari kilo biyu. In kina so ki riƙe abu ɗaya a ka, giram 125 na ganye ga kowace lita ta ruwa, ko nawa za ki yi.

Abu na biyu da ba a faɗa ba: giram 300 ɗin nan ganye ne ban da kara. In kin sayo da karansa, a nawa aikin kusan rabin nauyin kara ne da ganyen da ya lalace. Don haka ki nemi giram 600, gara ya ragu da ya gaza.

Maman Biyu: Allah Ya saka da alheri Anti, wannan na karan da ban yi tunaninsa ba sam. Zubar da karan zan yi?

Mai Girkin Taro: Tunda tacewa za ki yi, masu laushin na sama za su iya shiga, suna da ƙamshi. Masu taurin na ƙasa ki cire. Amma kar ki lissafa su cikin 300 ɗin.

Ɗan Lambu: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ba gwanin girki ba ne, shuka na'a-na'a nake yi, kuma ina goyon bayan Hajiya ta wani ɓangare. Giram 30 na yau ba lallai ya yi ƙarfin giram 30 na wata mai zuwa ba. Ganyen da aka yanka gab da shukar za ta yi fure ya fi kowanne ƙamshi. Wanda ya samu rana ya fi wanda ya tashi a inuwa, duk da na inuwar ya fi faɗi da kyan gani. Wanda aka cika wa ruwa da taki yana yin manyan ganye masu nauyi, ƙamshin kuma ya tsinke. Tsofaffin ganyen ƙasa sun fi ɗaci, na kan reshe sun fi daɗi. Sikeli ba ya ganin ko ɗaya a cikin waɗannan.

Kuma a san wace iri ce a hannu. In fefamint ce aka samu, a rage, don tana da ƙarfi. Yadda nake gane su: sifiyamint ganyenta kore ne shar mai tsini, kusan manne yake da kara. Fefamint ta fi duhu, karanta yakan yi ja-ja, ganyen yana da ɗan wuya tsakaninsa da kara. In ka tauna ta ka ja iska, sai ka ji bakinka ya yi sanyi kamar man goge baki.

Malamin Kimiyya: Haka ne ƙanena. Sanyin nan daga sinadarin mentol ne, wanda ya yi yawa a man fefamint, yakan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A sifiyamint ɗan kaɗan ne, ita wani sinadari ne mai suna kabon ya rinjaye ta, shi ya sa ƙamshinta ya fi taushi da zaƙi. Fefamint ma 'yar barbara ce tsakanin sifiyamint da wata na'a-na'a mai fitowa a bakin ruwa. Abin sha'awa, mentol ba ya rage zafin baki ko kaɗan, jijiyar da ke jin sanyi yake taɓawa sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka sanyi ne. Da mentol ɗin aka yi amfani aka gano wannan mashiga ta jin sanyi a 2002, kuma David Julius da Ardem Patapoutian, waɗanda kowannensu ya gano ta a nasa ɗakin binciken, su suka samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021.

Shugabar Zaure: Malam mun ƙaru, amma a dawo kan kofi, Asabar tana matsowa.

Malamin Kimiyya: Na dawo Hajiya Shugaba, kuma kofin ma akwai magana a kansa. Maman Biyu, da wane kofi kika auna? Don ba kofi ɗaya ba ne a duniya. Na Amurka mililita 237 ne, ana cika shi 240. Na Ostareliya da Niyu Zilan 250. Tsohon kofin Ingila da ke cikin tsofaffin littattafan girki 284. Na Japan 200, ɗan kofin da ke zuwa da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuma 180. Babban cokali ma haka: kusan ko'ina mililita 15 ne, a Ostareliya 20. Ƙaramin cokali 5. Amurkawa sun riƙe awon kofi da cokali shafaffe ne tun zamanin Fannie Farmer, malamar girki a Boston da ta fitar da littafinta a 1896, yayin da mafi yawan ƙasashen Turai suka tsaya a kan sikeli. Tsarinta ya yi wa gari da sukari da madara aiki daidai gwargwado. Ganye ne bai taɓa shiga tsarin da kyau ba, don ba a shafe bakin kofin ganye da wuƙa.

Maman Biyu: Malam da kofin shan shayi na auna, mai hannu. Ban san ko nawa yake ci ba.

Mai Sikeli: Sauƙi ne. Ɗora kofin a sikeli babu komai, danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, cika shi da ruwa. Lambar da ta fito da giram ita ce mililitarsa.

Maman Biyu: Na gwada yanzu. 310.

Mai Sikeli: To kin gani. A na biyun kin yanka, kin cusa, a kofin da ya fi nasu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Zai yi wuya in ba ki zuba giram 60 ko fiye ba. Sai dai tunda ruwan da sukarin ma da kofin kika auna, girman kofin bai cuce ki sosai ba, dannawar ce da tafasawar.

Amarya: Don Allah ni busasshiya nake da ita a kwalba. In an ce kofi ɗaya na ɗanye, kofi ɗaya na busasshe zan sa?

Hajiya Babba: Subhanallah, a'a 'yata. Busasshiya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma irin wannan na sha da ɗanye ya fi, busasshiya ƙamshinta daban ne, ya fi dacewa da abin da za a dafa.

Malamin Kimiyya: Ƙa'idar da masu girki suka saba da ita uku ga ɗaya ce: babban cokali ɗaya na yankakken ɗanye, ƙaramin cokali ɗaya na busasshe. Wannan a awon cokali ke nan. A sikeli lissafin ya sauya, kuma nan mutane ke ruɗewa. Ɗanyen sifiyamint kusan kashi 86 cikin ɗari ruwa ne, busasshe kuma saura kamar kashi 11. Ke nan in ka shanya giram 100, abin da zai rage maka wajen giram 16 ne. A nauyi shida ga ɗaya ke nan, ba uku ga ɗaya ba. Kuma biyun ba sa karo da juna: babban cokali na yankakken ɗanye wajen giram 3 ne, raba shida ka samu rabin giram, rabin giram kuwa shi ne nauyin ƙaramin cokali na busasshe a wancan rumbun da na ambata. Babban cokalinsa giram 1.6. Don haka Amarya, madadin kofi ɗaya dannanne mai giram 30, busasshe giram 5 ne, wato babban cokali uku.

Ɗan Lambu: In kwalbar ta shekara a kusa da murhu kuma, ko cokali goma aka zuba ciyawa ce. A murza a tafin hannu a sunsuna tukuna.

Amarya: Na gode Malam, na rubuta. Sikelina kuma in na sa ganye biyar ko shida ba ya motsi, ya lalace ne?

Mai Sikeli: Lafiyarsa ƙalau. Yawancin sikelin kicin giram ɗaya-ɗaya yake tafiya, ganye ɗaya kuma bai kai ko kusa da giram ba, shida ko bakwai masu matsakaicin girma ne ke haɗa giram guda. Sannan in kina sawa ɗaya bayan ɗaya a hankali, wasu sikelin suna ɗauka ƙura ce ko iska, su ci gaba da nuna sifili. Tara su a hannu ki zuba gaba ɗaya. Amma gaskiya in abin bai wuce ganye goma ko cokali ɗaya ba, ni kaina ba na ɗauko sikeli, ƙirgawa nake yi ko in yi da ido. Sai dai mai ƙaramin sikeli irin mai nuna 0.1.

Hajiya Babba: Alhamdu lillahi, yau Mai Sikeli da bakinta ta ce ido.

Mai Sikeli: Na ce Hajiya, a cokali ɗaya. A kofi goma ina nan kan bakana.

Mai Girkin Taro: Wani tarko kuma da ke cikin shafukan Amurka, tunda Amarya ta faɗa cikin irinsa ɗazu. Suna da oza iri biyu. Akwai ta nauyi, giram 28 da ɗigo, akwai ta ruwa, kusan mililita 30. Kofi oza takwas ne na ruwa. Sai mutum ya ga haka ya ce to kofin ganye oza takwas ne, ya ninka da 28 ya samu giram 224. Kuskure ne babba. In sun rubuta oza ɗaya ta na'a-na'a, giram 28 suke nufi, wanda shi ne kusan kofi ɗaya dannanne. Rabin oza kuma kusan kofi ɗaya sako-sako.

Shawarata ta ƙarshe Maman Biyu, kar ki jira Asabar. Gobe ki yi na mutum huɗu da ainihin ganyen da za ki yi amfani da shi: ruwa 240, sukari 200, ganye 30, ki bi yadda Hajiya ta ce a kan wuta. In ya yi miki, ki ninka goma. In bai yi ba, kin san inda za ki gyara da giram biyar ko goma, ba da kilo biyu na sukari a tukunya ba.

Hajiya Babba: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma ki ɗanɗana bayan ya huce kin sirka da ruwan sanyi, ba da zafinsa ba. Sanyi yana danne ƙamshi, abin da ya yi miki daidai da zafi zai iya yin rauni a kofi mai ƙanƙara.

Maman Biyu: 'Yan uwa na dawo da rahoto. Na samo kofin awo na gaske mai 240. Na tsinke ganyen, na wanke, na baza ya tsane. Sako-sako na auna sau uku, na samu 16, 19 da 17. Da na danna, 31 da 34. Don in gani da idona na ɗora wani jiƙaƙƙe kafin ya tsane, wanda ya ba ni 31 bayan ya tsane ya nuna 40, Hajiya maganarki ta tabbata. Na yi gwajin da giram 30, na sauke tukunya kafin in zuba, na rufe minti 25. Launin ya fito garau, babu ɗaci ko kaɗan. Da na sirka da ruwan sanyi sai na ji ƙamshin ya ɗan yi ƙasa, maigida ma haka ya ce. Ganyen nawa manya ne masu faɗi, ina jin irin na inuwar nan ne da Ɗan Lambu ya faɗa. Na sake yi da 36, ya zauna daidai. Don haka Asabar 360 zan sa.

Mai Girkin Taro: Madalla. To ki nemi giram 700 zuwa 750 da kara. Kuma babbar tukunya ta fi daɗewa da zafi, ki fara ɗanɗanawa tun daga minti 15, kar ki jira 25 ɗin.

Ɗan Lambu: In za ki saya tun Juma'a Anti, kar ki tsinke sai ranar. Ki yanke gindin karan kaɗan, ki tsoma a kofi mai ruwa, ki lulluɓe da leda sako-sako ki sa a firiji, nesa da bangon baya inda ya fi sanyi, don ƙanƙara tana baƙanta ganyen.

Hajiya Babba: Maman Biyu, kafin ki zuba 360 ɗin a tukunya, ki ɗebe shi da hannu ki ƙirga damƙi nawa ne, ki turo mini. Ina so in san nawa hannuna yake ɗauka.

Maman Biyu: In sha Allahu Hajiya. Na gwada da ragowar na yau, damƙina ɗaya giram 12 ne, amma hannuna ƙarami ne.